Waƙafin Baba

Tun tana ƙarama ake ce mata Famfo, kuma wanda ya laƙaba mata sunan bai zalunce ta ba. Yarinya ce da in ta buɗe baki sai dai a kawo abin tara. A aike ta shago sayen ashana, za ta dawo da labarin mai shago da na matarsa da na akuyar da ta shigar musu gida, duk a numfashi ɗaya, ashanar kuwa tana can a kan teburin mai shagon. Mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta, takan ce mata, "Ke, ki sha iska mana, ba mai ƙwace miki maganar." Ba ta taɓa sha ba. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, sunan yana biye da ita. Maigidanta direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya a kan gida. Shi ma da ya ga sunan ya dace sai ya kama, har yana faɗa wa abokansa cewa tun da ya aure ta bai sake kai rediyon gidansu wurin gyara ba.

Aikinta koyarwa ne a wata ƙaramar firamare, aji uku, ɗaki mai taga biyu da allon da fentinsa ya koɗe a tsakiya. A nan surutun nata ya zama arziki. Yaron da ya saba tsallake katanga lokacin hutu yakan zauna don kada labari ya wuce shi. Lissafi ma da labari take koyar da shi, kaji su shiga akurki, wasu su fita, a ƙirga saura. Sai dai ta samu aikin ne a lokacin da ake ƙarancin malamai, ba ta da takardar shaidar koyarwa. Shekaru suka tura ba wanda ya tambaya, har ranar da shugabar makarantar ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa, ta ce an fito da doka: duk malamin da ba shi da takarda ya nemo, ko ya ba da aji.

"Ba na son rasa ki," in ji shugabar, "amma abin ya fi ƙarfina."

Famfo ta shiga kwalejin horar da malamai, shirin ƙarshen mako da lokacin hutu, ta zaɓi harshe da adabi. A ganinta abin nema ya samu. Mutumin da ya yi shekara talatin da 'yan kai yana magana, me za a koya masa a kan magana? A adabin baka kuwa haka abin ya kasance. Tatsuniya, karin magana, kacici-kacici, duk ita ce a gaba, in an ba ta ɗan lokaci ta yi bayani a gaban aji sai malamin ya miƙe yana nuna mata agogo. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai wani kwas na dole, nahawu da ƙa'idojin rubutu. Ta faɗi a shekarar farko, ta maimaita, ta sake faɗuwa. Dokar kwalejin ba ta da kwana-kwana: wanda ya faɗi kwas na dole sau uku sai ya kama gabansa. Wato in ta sake faɗuwa babu kwaleji, babu takarda, babu aji uku mai taga biyu.

Malamin kwas ɗin wani siririn dattijo ne da ɗalibai suke kira Jan Biro a bayan idonsa. Yana da wata ɗabi'a. Duk takardar da zai duba sai ya karanta ta da ƙarfi a ofishinsa, yana bin kowace alama yadda aka sa ta. In ya ga waƙafi ya ɗan tsaya, in ya ga aya ya huta, in bai ga komai ba ya ci gaba ko da zai shiɗe. Masu wucewa ta barandar sukan ɗauka faɗa yake yi da wani. Takardun Famfo sun sha ba shi wuya. Takan fara da babban baƙi a saman shafi, ta bi da "sai" da "kuma" da "to daga nan", ba za a ga aya ba sai a ƙasan shafi na biyu, ita ma don takarda ta ƙare ne. Ga haɗe kalmomin da ba su da dangantaka. Wata rana ya ɗaga wata takarda a aji, bai faɗi mai ita ba, ya karanta: "Da manomi yaga matarsa sai yayi murna."

Ya dubi ajin ta saman tabarau. "Wane irin azzalumi ne wannan? Ya yaga matarsa, kuma yana murna?"

Aji ya fashe da dariya, har da ita, ta ma fi kowa. Amma da ta koma gida abinci ya ƙi ciyuwa. Kunya ce ta kama ta, kunyar uwar 'ya'ya uku da aka yi wa dariya a kan abin da take tsayawa gaban allo tana koya wa 'ya'yan mutane. Ta zauna ta haddace: "ya ga" daban, "yaga" daban, "ta fi" ba "tafi" ba ne, in an ce "su ma" ba wanda ya suma. Baƙaƙe masu lanƙwasa ma ta bi su har suka zauna, bayan ta taɓa rubuta cewa an yi wa baki shimfiɗa a falo. Duk wannan abin hadda ne, ita kuwa kanta yana ja. Waƙafi da aya ne suka ƙi haddatuwa.

Da zangon karo na uku ya soma, ta ajiye girman kai ta same shi a ofis. Ta yi bayani mai tsawo. Ya jira har ta kai wani wuri tana neman kalma, sannan ya soka tasa.

"Ki riƙa karanta abin da kika rubuta da ƙarfi. Inda kika ɗan ja numfashi ki sa waƙafi, inda kika huta ki sa aya. Wannan fa ba shi ne ƙa'ida ba, keken koyon tafiya ne kawai, daga baya za ki..."

Ba ta ji ƙarshen ba, don ta riga ta fara godiya, godiyar kuma ta raka ta har bakin ƙofa.

Ta gwada a gida. Ta kulle ɗaki, ta miƙe tsaye da fensir a hannu, ta karanta shafi guda da rabi, ta duba: babu inda ta ja numfashi, ko kuwa ta ja ba ta ji ba. Ta ba babbar 'yarta, sai ta tarar yarinyar ta gaji uwarta har ta fi ta gudu. Maigida yana kan hanya. Sai ta tuna da Baba.

Baba kafinta ne. Rumfarsa tana bakin titi tsakanin makarantarta da gidanta, rufin kwano a kan ginshiƙai huɗu, ƙasa cike da ɓawon katako, ga warin fenti, ga kujerun da masu su suka ba da aiki suka ɓace. Fensir ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Da girmansa ya koyi karatu a ajin manya, don haka yana ganin girman rubutu. Kwalin magani, tsohuwar jaridar da aka naɗo ƙusa a ciki, komai sai ya bi da yatsa ya karanta kafin ya yar. Mutum ne mai tsadar magana. In aka tambaye shi yadda aka yi ya haifi Famfo yakan ce, "Nawa rabon na haɗa mata."

Ta kawo masa buƙatarta, ta faro daga dokar takarda ta biyo ta kan manomin da ya yaga matarsa. Ya goge hannu a rigar aiki, ya karɓi takardar, ya ce, "Zauna."

Haka suka soma. In ta tashi daga makaranta sai ta biya ta rumfa, ta zauna a kan kujerar da ba a gama ba. Baba ya shimfiɗa takarda a kan teburin aiki, ya danne ta da guduma don kada iska ta ɗauke. Yana karantawa yatsansa yana tafiya. Inda ya ɗan tsaya ya ja numfashi, ta miƙa hannu ta sa waƙafi da fensirinsa. Inda ya ɗago kai, ta sa aya. Aikin farko da suka yi haka ya dawo da jan rubutu a gefe: "An fara numfashi. Madalla." Ba wanda ba ta nuna wa ba, har maigadin makarantarsu.

Akwai kuma wata ribar da ba ta nema ba. Ba ta taɓa zama shiru tana sauraron wani na tsawon lokaci haka ba. Shi ma Baba sai yanzu yake jin labaran 'yarsa, da can da gudu suke wuce shi. Yakan kai wani wuri ya tsaya ya yi dariya, ya ce, "Ke kika ƙirƙiro wannan?" Ta ce ita ce. Ya girgiza kai ya ci gaba. Tana jin daɗin zaman nan ƙwarai, har ranar da ba ta da aikin kwaleji takan rubuta wani abu don dai ta samu abin kawowa.

Sai waƙafi ya fara yawa. Ba ta damu ba, murna ma ta yi, don a lissafinta abin da aka kayar da kai saboda rashinsa, yawansa ba zai cuce ka ba. Idonta yana kan yatsan Baba, ba ya kan fuskarsa. Ta ji yana tari, ya ce ƙurar katako ce. Ta ga ya bar takalmin da ya saba sawa ya koma silifa, ya ce zafi ne. Ta ga ya sakar wa abokin aikinsa zarto ya koma goge-goge a zaune, ya ce girma ne. Duk ta ji, ta gani, ta wuce, don mai surutu kunnensa yana wurin bakinsa ne. Abin da ya dame ta shi ne maki ya fara komawa ƙasa. Garin neman ƙiba ana shirin samo rama, ga jarrabawa tana matsowa.

Wata Asabar bayan darasi Jan Biro ya ce ta biyo shi ofis. Ta bi shi. Ya jera ayyukanta na zangon a kan tebur daga na farko zuwa na ƙarshe, ya ɗauki na ƙarshen, ya karanta yadda ya saba:

"Da tsohuwar, ta isa, bakin rijiya, sai ta, tarar da, igiyar guga, ta tsinke."

Ya ajiye yana haki. "Ba ke kika sa waƙafin nan ba."

Ta ɗauka satar aiki yake zarginta da ita. Famfo ya ɓalle: wallahi ita ta rubuta da hannunta, a tambayi kowa, ita ba ta taɓa ba wani ya yi mata ba, ko a shekarar farko da ta faɗi ai da guminta ta faɗi. Ya ɗaga mata hannu.

"Na san rubutunki ne, ba mai iya kwaikwayonsa. Numfashin ne ba naki ba. Wa yake karanta miki?"

"Babana ne, Malam. Ai kai ka ce..."

"Na san abin da na ce." Ya jawo aikin farko. "Dubi nan. A farkon zango mai karatun nan yakan ɗauki kalma goma ko fiye kafin ya tsaya, kuma yana tsayawa ne inda magana ta ba da wuri. Nan tsakiya ya rage. Wannan na ƙarshe, kalma biyu, kalma uku, ko'ina ya samu tsayawa yake yi don dole. Yaya yake barci? A kwance ko a jingine?"

Ta buɗe baki za ta ce a kwance, sai ta tuna. A gidan ƙaninta Auta Baba yake zaune, kuma matar Auta ta taɓa faɗa mata cewa ya ƙera wa kansa wata kujera mai jingina, a kanta yake barci yanzu, ya ƙi katifa. Lokacin da aka faɗa mata dariya ta yi, ta kawo wani labarin.

"Ni ba likita ba ne," in ji Jan Biro, ya cire tabarau ya ajiye. "Amma na yi jinyar yayana. Haka maganarsa ta koma gutsi-gutsi, muna cewa tsufa ne har muka makara. Da nake karanta takardarki muryarsa na ji a bakina. Ki kai mahaifinki asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Shawarar da na ba ki kuma rabin gaskiya ce, ki yafe ni. Za mu gyara daga baya."

Ta fita ba ta ce masa ko na gode ba.

Ta tarar da Baba a zaune yana goge ƙafar tebur da samfefa. Wannan karon shi ta duba. Ta ga kafaɗunsa suna hawa suna sauka, ta ga ƙafafunsa sun kumbura sun cika silifa. Ya miƙo hannu zai karɓi takarda kamar kullum.

"Baba, tashi mu tafi asibiti."

Ya jira sauran maganar. Babu saura. Daga baya ya sha faɗa cewa ba ciwon ne ya tsorata shi ba. Da ta zo masa da dogon bayani, da ya ce mata ƙurar katako ce ya ci gaba da aikinsa. Amma a ce Famfo ta yi magana ta tsaya da kanta, ya san ruwa ba ya tsami banza. Ya ajiye samfefar. Ta kira Auta, wanda bakanike ne, ya zo da motar garejinsu hannunsa duk baƙin mai.

Likitar da ta duba shi ta saurari ƙirjinsa, ta danna ƙafarsa wurin ya lotsa, ta ce zuciya ce ta gaji har ruwa ya taru a huhu. Ta tambaya wa ya ce su kawo shi.

"Malamin nahawu," in ji Famfo.

Likitar ta ɗago ta dube ta, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta ce ko wane ne a gode masa, don da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Aka ba Baba gado kusa da taga.

To, an tari Baba a kan lokaci, amma tsugune ba ta ƙare ba. Jarrabawa ta kusa, mai karatu yana kwance da robar iska a hanci, dabarar ma an ce ba dabara ba ce. Ta koma wurin Jan Biro ta yi godiyar da ta manta, har da hawaye. A can ƙasan ranta ta ɗan sa rai ko zai ce kada ta damu da jarrabawar. Ya gane.

"Ba zan ƙara miki ko rabin maki ba," ya ce. "In na ƙara, yaran ajinki na cuta. Amma ƙofar nan a buɗe take."

Ta ji haushinsa a lokacin, ba a ɓoye ba. Duk da haka ta riƙa zuwa. Ya ba ta darussa a kan jimla: ina magana take cika, ina take jingina da 'yar'uwarta. Tana yi a bencin barandar asibiti, tana yi a ofishin malamai, tana yi a kicin kafin ruwa ya tafasa. Ƙa'idar takan zauna a kanta daram, amma da ta zo aiki da ita sai ta zame. Wata rana Baba ya gan ta a bakin gado tana tauna biro, ya janye robar hancinsa ya ce, "Kawo, in karanta." Ta ce a'a, ta mayar masa da robar. Ya juya fuska wajen taga. Ya ɗauka shi ya ɓata mata karatu, ita kuwa tana ganin ita ta zauna kusa da shi wata da watanni tana rubuta ciwonsa da fensir ba ta gane ba. Ba wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da yake ransa.

Aka sallami Baba da ledar magunguna. Ita ta saurari bayanin likita, Auta kuma shi ne a gida da Baba. Washegari a hanyarta ta zuwa makaranta ta tura masa saƙo ta waya yadda ta saba: "ja da safe biyu da dare fara ɗaya". Ko aji ba ta shiga ba wayar ta yi ƙara.

"Yaya, jar ƙwayar nan fa, biyu da safe ne ko biyu da dare?"

"Ba na rubuta maka ba?"

"Kin rubuta. Ni na karanta, 'ja da safe, biyu da dare.' Matata ta karanta, 'ja da safe biyu, da dare fara ɗaya.' Muna ta musu, ga Baba da kofin ruwa a hannu yana jiran mu."

Ta duba saƙon, ta ga duka karatun biyu suna ciki, ba wanda ya yi ƙarya. Maganin zuciya ne fa, ba alewa ba, kuma da Auta mai ganin ya iya ne da bai kira ba. Ta tsaya a ƙofar aji ta sake rubutawa: "Ja: biyu da safe. Fara: ɗaya da dare." Ta tura. Auta bai sake kira ba.

Ta daɗe tana kallon 'yan ɗige-ɗigen nan. Duk rayuwarta mutanen da take yi wa magana suna gabanta ne. Ido da hannu da murya suna raba musu zancen, wanda bai gane ba ya ce "me?" ta maimaita. Mai karatu kuwa ba ya gabanka. Ashe babu ruwan alamar da ƙirjin kowa, don na nesa ake sa ta, wanda yake riƙe da kofin ruwa kuma ba lallai ya samu wanda zai tambaya ba. Da ta kai wa Jan Biro wannan babban abu da ta gano, ya ce, "Abin da nake faɗa ke nan tun shekarar farko. Kina magana ne a lokacin."

Daga ranar ta samu ma'auni nata na kanta. Duk jimlar da ta rubuta sai ta tambayi kanta, "Auta zai kira?" In zai kira, ta nemi inda zancen ya rabu ta sa alama. In ba zai kira ba, ta ƙyale. Ba wai ta zama gwana ba ce, waƙafi mai ruwa ma har yau ba su cika jituwa ba. Amma jan biron da yake dawowa a gefen takardunta ya fara raguwa.

Ranar jarrabawa, tambayar da ta fi maki wani sakin layi ne da aka cire masa duk alamomi aka ce a mayar. Ta fara karantawa a zuci, sai ta ji ba muryarta ba ce, ta Baba ce, a hankali, yatsa yana tafiya. Bayan kalma uku muryar ta tsaya neman iska, hannunta ya kai biro kan takarda. Ta janye. Idonta ya ciko, mai sa ido ya matso ya tambaya ko lafiya, ta gyaɗa masa kai. Ta share ido da bakin mayafi, ta koma farko, ta bi zancen jimla-jimla da tambayarta. Ita ce ta ƙarshen fita daga ɗakin.

Sakamako ya fito ta haye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da kyar na sha ya fi da kyar aka kama ni. Ta san makin nata ne, ba kyauta ba, sai haushin nan da ta ji ya koma godiya ta biyu. Maigida ya kira daga kan hanya ya ce a taya shi murna, an sa wa famfonsa makulli. Ta ba shi amsar da sai da kuɗin wayarsa ya ƙare. Aji uku ya zauna a hannunta, yana hannunta har yau. Bakin nan bai rage komai ba. Sai dai a makarantar nan in yaro ya rubuta jimlar da ba a san kanta da gindinta ba, 'yan aji sukan haɗa baki su ce, "Auta zai kira." Yawancinsu ba su san wane ne Auta ba.

Baba ya bar zarto gaba ɗaya. Yakan zauna a gaban rumfa da takunkumi a hanci yana nuna wa abokin aikinsa inda ya karkace. Abu ɗaya ya nace sai ya yi da hannunsa, a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan: wani ɗan tebur mai gangare na ɗora takarda, irin wanda mutum zai tsaya ya yi karatu a kai. Da Famfo ta gama da kwas ɗin, ba sauran mai cewa toshiyar baki ce, suka kai wa Jan Biro. Dattawan biyu suka gaisa.

"An ce kai ka ji ni," in ji Baba.

"Karatunka mai kyau ne," in ji Jan Biro. "Tsayawar ce ta yi yawa."

Iyakar hirarsu ke nan, kuma kowannensu ya tashi a gamshe. Famfo ce ta cike sauran lokacin.

Shekarar ƙarshe ta rubuta kundin kammala karatu a kan labaran da uwaye suke ba 'ya'yansu. Ranar da ta karɓo shi daga wurin ɗinki, da bangonsa mai kauri, ba ta wuce gida ba, rumfa ta biya. Ta shimfiɗa shi a kan teburin aiki, ta buɗe shafin sadaukarwa, ta danne da guduma. Baba ya sauke takunkumi, ya ɗora yatsa. Tun kwanciyarsa asibiti ba ta sake ba shi karatu ba. Ba ta dubi yatsan ba, kafaɗunsa ta duba.

"Na sadaukar da wannan aiki ga babana da ya ara mini numfashinsa da kuma malamina da ya saurare shi a takarda."

Ya kai aya bai tsaya ko'ina ba. Ya ɗago kai, ya sake duban layin, ya kai hannu bayan kunne ya ciro fensir ya miƙa mata.

"Ba waƙafi ko ɗaya. Mantawa kika yi?"

"Ban manta ba, Baba. Ba a buƙata."

Ya mayar da fensirin. Ita kuwa tana da abin faɗa cike da baki, amma ta haɗiye, ta jawo kujerar da ba a gama ba ta zauna.

"Baba, sake karantawa."

Ya ɗora yatsa a farkon layin.